FAƊI YA FI TSAWO: SHAWARA GA ƊALIBI MAI ƘARAMIN ƊAKI DA BABBAN ALLON KWAMFUTA

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa daidai ruwa daidai tsaki. Duk wanda ya leƙa ɗakunan ɗalibai a 'yan shekarun nan, musamman waɗanda suka kama haya a wajen makaranta, zai ga cewa akwai wani wuri da muka yi wa wannan karin magana kunnen uwar shegu. Wurin kuwa shi ne teburin karatu. Za ka tarar ɗalibi ya yi tattali, ya hana cikinsa, ya sayo ƙaton allon kwamfuta, wato monita, mai inci 27 ko 32, sannan ya zo ya ɗora shi a kan wani ɗan siririn teburi wanda faɗinsa bai wuce kamu ɗaya ba. In ya zauna aiki sai ka rantse sumbatar allon zai yi. Kafin awa biyu ido ya yi ja, wuya ya ƙage, sai ka ji yana cewa ai karatun ne ya yi masa yawa.

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa mujallar ɗaliban Hausa da maganar teburi? Amsa ita ce, idon ɗalibin harshe shi ne jarinsa, kuma kamar yadda za mu gani nan gaba, wani ɓangare na matsalar ma daga harshe ya taso. Ra'ayina a taƙaice shi ne: a ƙaramin ɗaki, faɗin teburi ya fi tsawonsa muhimmanci, kuma allo shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ɗalibi ya saya, bayan ya auna ɗakinsa ya kuma auna teburinsa.

Ni ɗan Kafanchan ne, don haka misalaina daga can da kewayenta za su fito. Kafanchan gari ne da layin dogo ya raya. Tun daga 1927 da ta zama mahaɗa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya kuma ya hau Jos, baƙi suka yi ta kwarara, gidajen haya masu ɗakuna a jere, ƙofa na kallon ƙofa, suka zama ruwan dare. A da ma'aikata da 'yan kasuwa ne suka fi kama irin waɗannan ɗakuna. Yanzu ɗalibai sun shigo sahu: ga na harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin, jami'ar da aka kafa a 2004, ga na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga na makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, sannan a 2025 an sami jami'ar tarayya a Kachia. Ɗakunan da aka gina don katifa da akwati su ne yau ake so su ɗauki ofis guda.

Me Ya Kai Ɗalibin Harshe ga Babban Allo?

Kada a ɗauka ina sukar babban allo ne. Ko kusa. Na san wasu sun saye shi ne don kallon ƙwallo da finafinai, amma ga mai nazarin harshe amfaninsa a fili yake. Aikinmu aiki ne na ƙananan alamomi. Ɗan lanƙwasa ɗaya ne ya raba kafa da ƙafa, ko kasa da ƙasa. Ɗan layi a saman wasali shi ke nuna wa mai karatu ko garin da ake zama ake nufi ko garin tuwo. Wanda kuma yake aiki a kan harsunan kudancin Kaduna, irin su Tyap da Jju, ya san cewa a ƙa'idar rubutunsu akwai wasulan da ake ja wa layi a ƙasa, wanda in ido ya tsallake shi ma'ana ta sauya. Haka nan mai nazarin ajami da ya ɗauko hoton tsohon rubutu daga Gidan Arewa a Kaduna, ya san cewa a rubutun Magaribi da malamanmu suka saba da shi, ɗigo ɗaya a ƙasa ko a sama shi ke raba fa da ƙaf.

Bugu da ƙari, mai fassara yana son ya ga matani biyu gefe da gefe. Mai nazarin furuci da karin sauti yana buɗe manhaja irin Praat, wadda masana biyu na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira, domin ya ga hoton sauti a shimfiɗe, yana bin hawa da saukar murya. Duk wannan a ƙaramin allon kwamfutar tafi-da-gidanka wahala ce. Saboda haka buƙatar gaskiya ce. Abin tambaya shi ne, a ina za a ajiye allon, kuma taku nawa ne tsakaninsa da ido?

Tsawo, Faɗi da Zurfi

A nan ne harshe ya shigo. Turawa suna auna teburi ta fuska uku, kuma awon da ya taso daga cikin mai zama zuwa bango suna kiransa da kalmar da fassararta kai tsaye ita ce zurfi. Ɗalibin da ya karanta shawara a intanet sai ya kwaso kalmar yadda take ya kai wa kafinta. Na taɓa raka wani ƙanena wurin wani dattijon kafinta a Kafanchan, bayan gaisuwa sai yaron ya ce, "Baba, teburi nake so a yi mini mai zurfi sosai."

Dattijon ya ajiye zarto ya dube shi, ya ce, "Ɗana, zurfi kuma? Rijiya za mu haƙa, ko durowa kake so a zurfafa?"

Gaskiyar Baba ce. A Hausa rijiya ke da zurfi, da rami, da kwano, da tunani. Abin da yake shimfiɗe kamar tabarma ko gona ko saman teburi, tsawo da faɗi gare shi. To amma nan ma akwai wani tarko, domin abin da Bature ke kira faɗin teburi, wato daga hagu zuwa dama, shi ne mu muke kira tsawo. Ka ga ke nan ɗalibin da ya fassara awon Turanci kalma da kalma zai iya karɓo teburi dogo siriri kamar bencin mai shayi, alhali abin da ya nema daban.

Shawarata ita ce mu tsayar da kalmomi uku, mu riƙa rubuta su a takarda tare da zane in za mu wurin kafinta. Tsawo: daga hannun hagu zuwa na dama. Faɗi: daga cikinka zuwa bango. Tsayi: daga ƙasa zuwa saman teburi. Na san a wasu kare-karen Hausa tsawo da tsayi duk ɗaya ne, amma a wannan fage raba su ya fi. A duk inda na ce faɗi a wannan rubutu, wancan awo nake nufi na daga ciki zuwa bango.

Akwai kuma ruɗani na biyu. Incin da ake faɗa na allo ba tsawonsa ba ne, awo ne a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Allo mai inci 24 tsawon fuskarsa kimanin santimita 53 ne, mai inci 27 kimanin 60, mai inci 32 kuwa kimanin 71.

Abin da Ido Yake Buƙata

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki ta Amurka ta ba da shawarar cewa tazarar da ke tsakanin ido da allo ta kasance daga inci 20 zuwa 40, wato daga santimita 50 zuwa 100, kuma saman allon ya kasance daidai da ido ko ƙasa kaɗan. Iya girman allo, iya matsawarsa zuwa ƙarshen wannan awo. Dalili kuwa ba boyayye ba ne. A cikin ido akwai wata 'yar tsoka da ke matse kwayar gani duk lokacin da mutum ya dubi abu na kusa, sannan idanun biyu sukan karkato ciki domin su haɗu a kan abin. Iya kusancin abu, iya aikin da tsokokin nan ke yi. Mutum ba zai iya dunƙule hannu na awa uku bai gaji ba, to haka ido yake.

Har ila yau, masu binciken ido sun lura cewa mai kallon allo yana rage ƙiftawa ƙwarai, alhali ƙiftawar nan ita ke shafa wa ido ruwa. Ka haɗa wannan da busasshiyar iskar hunturu ta watan Disamba da Janairu, da ƙurarta, sai ka fahimci dalilin da ya sa ido ke yin yaji kamar an watsa barkono.

Wuya ma ba a bar shi a baya ba. In allo mai tsawon santimita 71 yana tazarar santimita 40 daga fuskarka, ba za ka iya ganin gefe da gefensa da juya ido kawai ba, dole sai ka riƙa juya kai, dama da hagu, kamar mai kallon wasan langa. In kuma ka ja baya da kujera domin ka ga allon duka, sai allon bugun rubutu ya yi maka nisa, ka miƙa hannu, ka ranƙwafa, kafaɗa da gadon baya su ɗauki nauyin. Ko ta ina ka ɓullo jiki ne ke biyan bashin inci shida da aka rage wa teburi.

Yawancin wannan gajiya takan wuce in an huta, amma ɗalibin ajin ƙarshe da yake da makonni shida ya miƙa kundinsa, ina ya ga lokacin hutu? Kuma idon da ya gaji shi ne ke barin daki a inda ya kamata a rubuta ɗaki, har malami ya zo ya yi wa shafi jina-jina da jan biro.

Mu Buga Lissafi

Mu ɗauki tebura uku da aka fi gani. Na farko mai faɗin ƙafa ɗaya da rabi, wato inci 18 ko santimita 45, shi ne kamu ɗaya a awon iyayenmu. Na biyu mai ƙafa biyu, santimita 61. Na uku mai ƙafa biyu da rabi, santimita 76.

Allo ba ya tsayuwa a iska, yana da gindi. Gindin nan yakan turo fuskar allo gaba da kimanin santimita 15 zuwa 20 daga bakin teburi na baya. Idon wanda ya zauna daidai kuma yakan kasance kimanin santimita 10 zuwa 15 a bayan bakin teburi na gaba. In ka buga lissafi, a teburi na farko tazarar ido da allo ba za ta wuce santimita 40 da 'yan kai ba, ka ga ko mafi ƙarancin awon ba ta kai ba. A teburi na biyu za ta kai 55 zuwa 60, wannan ya wadatar ga allo mai inci 22 ko 24. A teburi na uku za ta kai kimanin 70, wanda ya dace da mai inci 27. Shi kuwa mai inci 32, ko a teburi na uku sai an maƙala shi a bango kafin a sami santimita 80 da yake so.

Akwai kuma wani lissafi da ya shafe mu mu kaɗai. Ɗalibin harshe ba ya rabuwa da takarda. Takardar A4 tsawonta ya kusa santimita 30. Allon bugun rubutu yana cin kimanin 15, gindin monita kimanin 20. Jimla 65 ke nan, ta riga ta haura faɗin teburi mai ƙafa biyu, tun ba a zo ga inda za a ɗora hannu ba. To ina za ka buɗe ƙamusun Bargery na 1934 mai shafi sama da 1,200, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006? Sai dai a cinya, ko a kan katifa, kana rubutu kana waiwaye.

Ga wanda ba ya son lissafi, akwai gwaji mai sauƙi. Zauna ka jingina da kujera, ka miƙe hannunka gaba. In tafin hannunka ya taɓa allo, ya yi kusa. In kan yatsunka ne kawai suka shafe shi, ko suka kusa, to ka dace.

Me Ya Sa Teburanmu Suka Tsaya a Ƙafa Biyu?

Ba mugunta ce ta sa kafintoci suke yin teburi mai ƙafa biyu ba, kayan aiki ne suka tsara haka. Fallen filawud da ake sayarwa a kasuwar katako faɗinsa ƙafa 4 ne, tsawonsa 8. In aka yanka shi ƙafa bibbiyu, za a fitar da saman teburi huɗu cif, babu asarar ko inci ɗaya. Haka katakon da ake kira ɗaya-bisa-goma-sha-biyu, in aka jera biyu aka goge su, abin da za a samu bai cika ƙafa biyu ba ma. Kafinta kuwa ɗan kasuwa ne, in ba ka faɗi awo ba, zai yi maka wanda ba ya bar masa guntaye.

Akwai kuma tarihi. A farkon shekarun 2000, lokacin da shagunan buga takardu da na shiga intanet suka fara yawa, allon kwamfuta mai ƙaton ƙeya ne, wanda shi kaɗai yakan cinye sama da santimita 40. Dole ta sa aka riƙa yi wa teburin kwamfuta wata 'yar durowa a ƙasa da ake jawowa, a ɗora allon bugun rubutu. Da allo mai falle ya zo, sai aka ce an huta, aka cire durowar, aka ƙara matse teburi. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, ƙeya ta tafi amma fuska ta ninka. Allon wancan zamani inci 14 ne zuwa 17, na yau kuwa ya kai 32.

To ga albishir. Wannan falle na ƙafa 4 da 8, in aka yanka shi inci talatin-talatin, zai ba da saman teburi uku masu faɗin ƙafa biyu da rabi, har a sami rarar inci shida da za a yi ɗan kanta da ita. Ashe ke nan ɗalibai uku da ke gida ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi falle guda, kafinta ya fitar musu da tebura uku ba tare da asara ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina Wurin Yake a Ɗaki?

Wannan ita ce babbar hujjar masu ja da ra'ayina, kuma hujja ce mai ƙarfi. Za su ce, ɗakin da bai wuce ƙafa 10 da 10 ba, ga katifa, ga akwati, ga risho da tukwane, ga bokiti, ga inda ƙofa ke buɗewa, ina za a kai teburi mai faɗi?

Amsata ita ce a rage tsawo a ƙara faɗi. Teburi mai tsawon ƙafa biyar da faɗin ƙafa biyu yana cin murabba'in ƙafa 10 na daɓen ɗaki. Mai tsawon ƙafa uku da rabi da faɗin biyu da rabi bai kai murabba'in ƙafa 9 ba. Wato gajere mai faɗi ya fi dogo siriri tattalin wuri. Tsawon da muke kwaɗayi, in muka faɗi gaskiya, me muke ɗorawa a kai? Kofin shayi, da man shafawa, da kwanon da ba a wanke ba. Littattafai kuwa bango ne wurinsu, a buga musu kanta a sama.

Sannan dubi yadda ɗakin yake. Katifar ɗalibi tsawonta ƙafa shida ne da 'yan inci, faɗinta uku. In ka shimfiɗa ta a jikin bango mai ƙafa 10, za a sami rarar ƙafa uku da rabi da ɗoriya a wajen ƙafafu. Wannan lungu, wanda yawanci takalma da jakar Ghana-mas-go ke kwana a ciki, shi ne gidan teburi. Tsawon ƙafa uku da rabi zai shige daidai, faɗin biyu da rabi kuma bai ma kai faɗin katifar ba, don haka bai ci komai daga tsakar ɗaki ba sai wurin kujera. Ɗan Kafanchan ba zai manta wannan awo ba, domin ƙafa uku da inci shida ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarafan tsohon layin dogon da ya ratsa garinmu.

A kula da taga. Kada allo ya fuskanci taga, domin haske zai riƙa walƙiya a kansa, kada kuma taga ta kasance a bayansa, domin ido zai riƙa kokawa da haske biyu. Taga a gefe ita ce daidai.

Sauran Hujjojin Masu Ja

Wani zai ce kuɗi. Gaskiya ne teburi mai faɗi ya fi tsada, amma bambancin kuɗin katako ne na inci shida. Wanda ya iya sayen allo mai inci 27 bai kamata wannan ya gagare shi ba, in kuwa ya gagare shi, to alama ce tun farko ya sayi doki bai tanadi turke ba. Araha ba ta ado.

Wani zai ce ɗalibi baƙo ne, yau yana Gidan Waya gobe hidimar ƙasa ta jefa shi wata jiha, wa zai yi ta jigilar ƙaton teburi? Wannan ma magana ce. Ƙofofin ɗakunan haya da yawa ba su wuce ƙafa biyu da rabi zuwa uku ba. Maganin abin shi ne ka ce wa kafinta ya ɗaura ƙafafun da noti maimakon ƙusa da gam. Ranar tashi sai ka kwance, falle da ƙafafu huɗu su shiga keke ɗaya. In ma sayarwa za ka yi, ɗaliban zanen gine-gine da ke harabar Kafanchan ba za su bar teburi mai faɗi ya kwana ba.

Wani kuma zai ce shi ɗakinsa ko lungun nan babu, su uku ne a ciki. To ga dabaru. Duba bayan allonka, in ka ga ramukan noti huɗu a murabba'i, tazarar milimita 75 ko 100, to ana iya maƙala shi a bango, ka ga ka ci ribar kusan duk wurin da gindinsa ke ci. Sai dai ka nemi izinin mai gida kafin ka huda masa bango, kada kuɗin gyara ya biyo ka. Ko kuma ka dawo da dabarar da, a yi wa teburin durowar allon bugun rubutu, ta ja ka baya da taƙi guda. Ko ka sa allon a kusurwar ɗaki a karkace, domin kusurwa ta fi ko'ina nisa.

In duk wannan bai yiwu ba, to a nan ne zan faɗi maganar da ba a son ji: ka haƙura da babban allo. Mai inci 22 ko 24 a kan teburi mai ƙafa biyu ya fi mai inci 32 a kan hancinka. Musamman ina jan kunnen masu sayen talabijin su mayar da ita monita. Talabijin masu inci 32 masu sauƙin kuɗi da yawa ɗige-ɗigen da ke haɗa hotonsu 1366 ne a kwance da 768 a tsaye, wato kimanin miliyan ɗaya. Monita mai inci 24 na yau da kullum kuwa 1920 ne da 1080, sama da miliyan biyu. Ashe ƙaramin ya ninka babban wajen fitar da harafi. An yi talabijin ne don a kalle ta daga nesa, in ka matso sai lanƙwasar ƙ da ɗ ta dushe. Ga kuma cin wuta, wanda duk mai dogaro da batir da farantin hasken rana ya san zafinsa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Katako da Yanayin Ƙasarmu

Ina ganin ɗalibin kudancin Kaduna ba shi da hujjar sayen teburin kwali da ake shigowa da shi a kwance cikin kwali. Na farko, awonsa an riga an yanke, kuma yawancin masu sauƙin kuɗi sirara ne. Na biyu, yankinmu ba kamar Kano ko Katsina ba ne wajen ruwan sama. Daga Kagoro zuwa Kwoi damina takan yi tsawo, bango yakan yi sanyi, daɓe yakan tsatso da danshi. Allon da aka yi da garin katako da gam in ya sha danshi sai ya kumbura ya fara zuba, noti ya daina kama shi. Mu kuwa Allah ya hore mana itace, ga dajin Nimbia nan kusa da aka san shi da tik da malaina, ga kafintoci a kowace unguwa.

Sai dai a lura da abu uku. A tabbatar katakon ya bushe, domin ɗanye in hunturu ya busa sai ya tsage ko ya kantare. A sa a shafa masa maganin gara. Sannan a sa ƙarfafa a ƙarƙashin fallen, kada nauyin allo ya sa tsakiyarsa ta lotsa. Tsayin teburi kuma ya kasance inci 28 zuwa 30, gwargwadon tsayin mai shi da kujerarsa, yadda gwiwar hannu za ta sauka daidai da saman teburi. A bar kuma ɗan taƙi tsakanin teburi da bango saboda wayoyi da danshi. Kada a aika, a je da kai da tef ɗin awo da zane a takarda, domin zuwa da kai ya fi aike.

Kammalawa

Ya kai ɗan'uwa ɗalibi, da ke 'yar'uwa ɗaliba, abin da nake kira gare shi bai wuce sauya jerin abubuwa ba. Mun saba mu fara da allo, mu nemo masa teburi, sannan mu tilasta wa ido ya haƙura. Kamata ya yi mu fara da ido, mu auna ɗaki, mu yanka teburi, sannan mu sayi allon da teburin zai iya ɗauka. Ƙafa biyu ga mai inci 24, biyu da rabi ga mai inci 27, mai inci 32 kuwa sai da bango. Ko bayan an dace da teburi, a riƙa bin shawarar likitocin ido ta cewa duk bayan minti 20 a ɗaga kai a dubi wani abu mai nisan ƙafa 20 na tsawon daƙiƙa 20. Wanda kuma ciwon ido ko na kai ya ƙi barinsa, ya garzaya asibiti, kada ya tsaya zargin teburi kawai.

Ina kuma kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta ɗauki wannan a matsayin aiki. A je wurin kafintoci a Kafanchan da Zonkwa da Kachia, a tattaro kalmomin da suke amfani da su na awo da na kayan aiki, a ga inda Hausa ta tsaya da inda aro ya shigo. Kundin digiri guda ne zaune a nan yana jiran mai ɗauka. Rigakafi dai ya fi magani, kuma inci shida na katako sun fi tabarau araha. Allah ya ba mu lafiyar ido da ta jiki, ya sa mu gama karatu lafiya.